Yadda zaka gane kayan da ke da wiwi ciki tun kafin ka saya, ka saida ko ka ƙetara iyaka da su

Watan jiya ƙanwar maiɗakina ta turo min hoton wata ƴar kwalba a WhatsApp, ƙarama ce kamar ta turaren ɗuri, da ɗan abin ɗigawa a bakinta, ta ce Yaya duba min wanga, wata Hajiya ce cikin gurup ɗinmu take saidawa jaka goma sha biyu, wai shina maganin ciwon gwiwa da rashin barci, ina so in sai ma Inna. Na buɗa hoton da kyau sai ga ganye mai yatsu bakwai a jikin kwalin, ƙasansa an rubuta CBD da manyan baƙaƙe. Na ce mata kin san ganyen mine ne wanga? Ta ce ai Hajiyar ta ce ba wiwi ba ne, ɗan uwanta ne, kuma a Amurka ma gwamnati ta yarda da shi.

Ni butik gareni na kayan shafa da su bitamin, daga Kano nike ɗauko mafi yawan kayana, shi ya sa irin wagga tambaya take yawan zuwa wurina. To bari in faɗi yadda ni nike bi, ko wani ya tsira da jarinsa da mutuncinsa.

Abu na farko da zaka sa a kanka, doka ba ta biyo kwalba cikin kwali. Abinda anka halatta a ƙasar da anka yi shi, can ya tsaya. Mu nan Nijar dokar da ke kan miyagun ƙwayoyi ita ce ordonas mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999, kuma wiwi na cikin abinda ta hana, nomanta, shigo da ita, saida ta, har riƙe ta, hukuncin kuma gidan kaso ne da tara. Akwai ofishin ƴan sanda na musamman da aikinsa ke nan, OCRTIS, banda duwan da jandarma da ke kan hanya. In kuma daga Kano ka ɗauko kaya to ka sani ƙasa biyu ka ratsa, tun daga Kano zuwa Katsina zuwa Jibiya kana hannun NDLEA ne, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi da Najeriya ta kafa a 1989 wadda Buba Marwa ke riƙe da ita tun 2021, sannan ka shigo Ɗan Isa ka faɗa hannun namu. Ko ɗaya cikinsu ba ruwansa da abinda majalisar Amurka ta ce.

Masu saidawa kullum lamba guda suke riƙewa, 0.3. Bari in warware muku ita don kar a ruɗe ku. Cikin tsiron wiwi akwai sinadarai da yawa, biyu ne sunka fi suna. THC shi ne mai bugarwa, shi ke juya kai. CBD ba ya bugarwa irin haka. A 2018 Amurka ta yi dokar noma da ta ce duk tsiron da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba in an busar da shi, to ba za a lissafa shi cikin ƙwaya ba, amfanin gona ne. Tarayyar Turai ma 0.3 take bi tun farkon 2023. To lambar tasu ce, ba ta ordonas ɗinmu ba. Jami'in da ya buɗe kartan ɗinka a shinge ya ga ganyen nan ba zai tsaya muhawarar kashi nawa ba, kayan zai riƙe kai ma ya riƙe ka, sauran bayani sai a kamisariya, kuma ko a ƙarshe an sake ka ai sunanka ya riga ya zaga Maraɗi, ka san garin namu.

Abin dariyar ma shi ne ko can Amurkar zancen ba haka yake ba. Hukumar abinci da magani tasu, FDA, har yanzu matsayinta shi ne bai halatta a zuba CBD cikin abinci ba ko a saida shi da sunan ƙarin abinci mai gina jiki, a watan Janairun 2023 ta fito ta ce dokokin da gareta basu dace da shi ba sai majalisa ta yi sabuwa. Jihohi ne kowacce ke yin nata. Turai kuma tun 2019 sun sa shi cikin jerin sabon abinci wanda sai an nemi izini, kuma a 2022 hukumar da ke duba lafiyar abinci tasu ta dakatar da binciken takardun ta ce bayanan da anka kawo mata basu isa ta ce ba ya cutarwa ba, musamman kan hanta. Kenan masu abin ma da kansu tafiyar hawainiya suke yi, mu ne da ke nesa muke ɗauka an gama magana.

Yanzu ga aikin. In kaya ya zo hannunka kar ka tsaya ga gaban kwali inda anka zana kyakkyawar mace ko ƙaton namiji, juya bayan, inda anka jera abinda ke ciki da ƙananan rubutu. In idonka bai gani ɗauki hoto da salula ka buɗa shi. Kalmomin da kake nema, ko da Turancin Ingila ko da Faransanci: cannabis, cannabidiol, CBD, THC, hemp, chanvre. In ka ga full spectrum to ma'anarsa an tatso duk abinda ke cikin tsiron har da ɗan THC. In ka ga delta-8 ko HHC wannan ma ya fi muni, abubuwa ne masu bugarwa da ake haɗawa a ɗakin gwaji daga CBD don a zagaye doka, Faransa ta hana HHC a watan Yunin 2023. Duk wanda ka gani cikin waɗanga, aje shi, ka ce ma mai kaya ya canza maka da wani abu. In ba ka iya karatun boko ba ba abin kunya ba ne, ɗanka ɗan lakwal ma zai iya nemo maka waɗannan baƙaƙen, uku ne kawai wasu.

Sai dai akwai inda mutane ke ruɗewa ta ɗayan ɓangaren. Ramar nan da muke kwaɗo da ita da ƙuli, sunanta na masana tsirrai Hibiscus cannabinus, Faransawa kuma suna ce mata chanvre de Guinée, saboda ganyenta ya yi kama da na wiwi ne kawai, amma dangin yakuwa ce da kuɓewa, ba abinda ya haɗa su. Na taɓa ganin wanda ya tada hankalinsa kan haka. Ci ramarka lafiya lau.

Wanda ke da ɗan wuya shi ne man iri. Zaka ga man shafawa ko sabulu ko man kitso an rubuta Cannabis sativa seed oil, ko huile de graines de chanvre. Wannan daga ƙwayar irin anka matso shi kamar yadda ake matsar man gyaɗa ko na riɗi, kuma irin shi kansa kusan ba THC a cikinsa, har FDA ɗin a ƙarshen 2018 ba ta yi gardama ba kan a ci ɓararren irin da garinsa da mansa. Ta fuskar lafiya ba shi ne abin tsoro ba. Amma ni dai bana ɗauko shi, kuma in ka tambaye ni kai ma kar ka ɗauko, domin ribar dala ɗari ko ɗari biyu kan kwalba ba ta kai wahalar yi ma mai kaki bayanin bambancin iri da ganye da tsakar rana a bakin iyaka ba, alhali ga hoton ganyen nan ɓaro-ɓaro a jiki. Haka man kitson nan da ake rubuta ma Indian hemp da ke cika kasuwannin Najeriya, mata na sonsa sosai, shi ma karanta bayansa kafin ka cika kartan.

To amma kar ka ɗauka in kwali ya ce ba THC shi ke nan ka tsira. A 2017 wasu masu bincike a Amurka sun sayi kayan CBD kala 84 ta intanet sunka auna, sakamakon ya fito a mujallar likitoci ta JAMA. Kashi 31 cikin ɗari ne kaɗai abinda anka rubuta ya yi daidai da abinda ke ciki, sauran ko ya fi ko bai kai ba, kuma 18 daga cikin 84 ɗin an samu THC a ciki. Wannan a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji ko'ina kenan, ina ga kwalbar da ta biyo ta hannu biyar kafin ta iso babbar kasuwa. Shi ya sa ni rubutun kwali ina amfani da shi wurin ƙin kaya ne, ba wurin yarda da su ba. In ya ce akwai, na yarda akwai. In ya ce babu, sai na ga takarda.

Takardar ita ce mataki na gaba, kuma nan ne yawancinmu ƴan kasuwa muke da sakaci wallahi har da ni a da. Su bitamin da garin ƙarin ƙarfi da shayin rage ƙiba da makamantansu ba kamar biskit ba ne da kowa zai shigo da shi yadda ya ga dama. Tun 2010 ƙasashen UEMOA, wato na Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, da mu ciki, sunka amince da ƙa'idojin yi ma irin waɗannan kaya rajista kafin a sa su kasuwa. A Yamai akwai hukumar da ke kula da harkar magunguna, ANRP, akwai kuma ɗakin gwaji na ƙasa LANSPEX da ke auna magani da abinci da ruwa. Don haka in dila ya kawo maka sabon kaya tambaye shi kai tsaye, Alhaji wanga shina da izinin saidawa a Nijar, ina takardar? In ya fara ai kowa na saidawa, ai mu da kai an daɗe, to ka samu amsarka. Kuma ko mi zaka saya karɓi faktir mai sunan shago da kwanan wata da sunan kayan, ba ƴar takardar da anka yaga daga kayen ɗan lakwal ba, ranar da magana ta tashi ita ce zata nuna daga ina kayan sunka fito.

Kayan Najeriya kuma duba lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magani ta Najeriya da anka kafa a 1993. Magungunan gargajiya da na ganye lambarsu kan ƙare da harafin L, kuma ma'anar wannan an duba ne cewa ba ya da haɗari a sha, ba wai an tabbatar shina warkar da abinda anka rubuta ba, shi ya sa zaka ga an sa wani ɗan layi a jiki cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin ba. Lambar ma ana buga ta jabu, mai injin buga takarda ba abinda zai hana shi, in kana da rezo shiga shafin hukumar ka gwada ko sunan kayan da lambar sun hau. Sannan ka tuna lambar NAFDAC ta Najeriya ce, tana rage maka shakka amma ba ita ce izinin Nijar ba.

Wanda ya fi bani haushi shi ne tambarin FDA approved da ake mannawa kan kwalaben bitamin. Dokar Amurka ta 1994 kan irin waɗanga kaya ba ta ce sai FDA ta amince kafin a saida su ba, kamfani ne ke fitar da abinsa, hukuma sai daga baya in matsala ta fito. To in ba ta amincewa da su tun farko, tambarin daga ina? In na gan shi a kwalbar ƙarin abinci sai shakkata ta ƙaru.

Sai kayan zaƙi, wanda shi ne ya fi tada min hankali saboda ɗiya. Akwai alawa mai danƙo, cakulan, biskit, kek, har lemu, da ake zuba ma THC, wasu kuma ana yi musu leda mai kama da ta alawar yara sak. Kanada da ta halatta wiwi a watan Oktoban 2018, kayan ci sai bayan shekara guda ta bari, kuma ta ce kar fakiti guda ya wuce miligiram 10 na THC, dole a sa jan tambari mai ganye da baƙaƙen THC, a kuma yi marfin da yaro ba zai iya buɗewa ba. Wannan a Kanada kenan, a Amurka kuwa yara ƴan ƙasa da shekara 6 da anka kai rahoton sun ci irin kayan sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Nan kusa da mu ma NDLEA ta sha kama masu toya kek da biskit da wiwi suna saidawa ta intanet, da masu haɗa ta cikin lemun biki. Saboda haka alawar da ta zo cikin tsaraba daga waje, karanta ledar kafin ka raba ma yara, in an rubuta miligiram na THC ko CBD a jikin alawa to ba alawa ba ce. Samari da ƴan mata kuma, kek ko zoɓon da ba ku san wanda ya haɗa ba a wurin fati, ku bar shi.

Haɗarin na ci ya bambanta da na hayaƙi. Wanda ya ci ba ya jin komi nan take, sai bayan minti 30 har awa 2, sai ya ɗauka ba ta aiki ya ƙara, sannan duka su taso mishi lokaci guda, ga shi hanta tana juya THC ɗin zuwa wani sinadari mai ƙarfi, abin sai ya ɗauki awa shida, takwas, ko fiye. In yaro ne zaka ga barci mai nauyi wanda ba a iya tada shi, tangaɗi, jan ido, jiki ya saki, wani lokaci numfashi ya yi ƙasa. Kar a tsaya ɗura mishi nono ko manja ko sa mishi yatsa ya yi amai, yaron da ke cikin magagi zai iya shaƙewa. Kwantar da shi ta gefe, ɗauki ledar abinda ya ci, a nufi likita mafi kusa ko babban asibiti, in ba abin hawa a kira ƴan kwana-kwana a 18. Kuma a gaya ma dokta gaskiya, kunya ko tsoron kar a ce wiwi ce ta shigo gidan ba ta kai ran yaro ba.

Masu neman shi don magani, na san ba shaye-shaye ya kai su ba, ciwo ne. An fi kawo zancen farfaɗiya, kuma akwai ƙamshin gaskiya, a watan Yunin 2018 Amurka ta amince da wani magani mai suna Epidiolex wanda CBD ne tsantsa, amma don wasu nau'o'in farfaɗiya ne masu tsanani da ba kasafai ake samu ba, likita ke rubuta shi, ana auna nauyin yaro, ana kuma bin hantarsa da gwajin jini. Ba shi ne ƴar kwalbar gurup ba. CBD kuma shina karo da wasu magunguna, irin su valproate na farfaɗiya da warfarin mai tsinka jini, kuma mafi muni shi ne a aje maganin likita a koma ma ɗigo. Ingila da ake saida shi a kanti, a watan Oktoban 2023 hukumar abincinsu ta sauko da abinda take ba manya shawarar kar su wuce a rana daga miligiram 70 zuwa 10, mai ciki da mai shayarwa kuma ta ce su bar shi gaba ɗaya. Tsohuwa mai hawan jini da ke shan ƙwaya uku kullum, kai ta farmasi ko wurin dokta da kwalayen magungunanta a hannu, shi ya fi.

Matafiya ku ma ga naku. Wani zai ce maka ai Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire wiwi daga ƙwayoyi. Abinda ya faru a watan Disamban 2020 shi ne an kaɗa ƙuri'a 27 da 25 anka fitar da ita daga jeri na huɗu, na ƙwayoyin da sunka fi haɗari, a yarjejeniyar duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi, amma tana nan daram cikin jeri na ɗaya, ma'ana har yanzu abar sa ido ce. Kowace ƙasa da nata. Maroko ta yi doka a 2021 ta ba da damar noma don magani da masana'antu amma da lasisi, Gana ma ta buɗe ƙofa ga mai 0.3 da lasisi. Su kuma inda mutanenmu sunka fi zuwa abin ba wasa, Sin ta hana CBD cikin kayan shafa a 2021, Hong Kong ta haramta shi gaba ɗaya daga 1 ga Fabrairun 2023, Saudiyya kuwa kowa ya san hukuncin safarar ƙwaya can har kisa ne. In zaka Umara ko Hajji ko sarin kaya, zazzage jakarka da kanka, duk kwalbar da ba ka san cikinta ba bar ta gida, maganin da kake sha tafi da shi cikin kwalinsa da takardar likita. Saƙo kuma ko na wa ne a buɗe shi gabanka, wanda ya ji haushi don ka ce a buɗe to ya riƙe abinsa. Direbobin Kano da ƴan kabu-kabu masu karɓar ƙulli a tasha ku ma da ku nike.

In kuma ka karanta wanga ka je ka duba kanta ka tarar kana da su, sauke su daga kanta yau, goge tallar daga status, kar ka ce bari in karyar in maida kuɗina. Kar ka zuba a bola inda yara da almajirai ke tsince-tsince. Aje faktir da saƙonnin da kunka yi da dilan, ka nemi mai farmasi na gaskiya ko lauya ya gaya maka yadda zaka miƙa su ba tare da ka jefa kanka cikin rigima ba.

Ita ƙanwar tamu dai ba ta saya ba. Na ce ta tambayi Hajiyar takardar izini, Hajiya ta ce zata turo, yau sati uku kenan, hoton ma ta cire shi daga gurup ɗin. Inna kuma munka kai ta likita anka ɗauki hoton gwiwar, dokta ya rubuta mata magani ya ce ta rage zama kan tabarma a samo mata kujera, ita kuma ta ce kujera ta masu ofis ce, har yanzu ana kan wannan rigimar.